Yaƙi Ya Ƙare, Maƙeran Sulken Japan Suna Nan

Da watan Afrilu ya kama, a gidajen Japan da yawa masu ɗa namiji akan share wuri a ɗakin baƙi, a sauko da wani akwati da ya shekara a rufe. Cikinsa kwalkwali ne na yaƙi, wani lokaci har da cikakken sulke, sai dai ƙarami ne ƙwarai, ko jinjiri ba zai shiga ba. A ɗora shi a kan akwatin, a kafa ɗan baka da kibau a gefe ɗaya, takobi a ɗaya gefen, a bar shi nan har 5 ga Mayu ta wuce. Ranar ita ce Tango no Sekku, bikin 'ya'ya maza tun kaka da kakanni, wadda gwamnati ta mayar hutun Ranar Yara a 1948. A waje ana ɗaga tutoci masu siffar kifi, yara na cin curin shinkafa da aka naɗe a ganye, da dare kuma a yi wanka da ruwan da aka jefa wa ganyen shobu.

Kwalkwalin ba abin wasa ba ne, ba a ba yaro ya yi ta ja a ƙasa. A al'adance kakanni ne ke saye, galibi na wajen uwa, a shekarar da yaron zai ga bikinsa na farko. Abin da aka ɗauka shi ne sulken zai tare masa cuta da tsautsayi, ya karɓi abin da zai same shi. Don haka masu riƙon al'ada ba sa son ƙane ya gaji na wa. Kowane yaro da nasa, in ya girma a kai wurin bauta a yi bikin sallamarsa. Masu shaguna a unguwar Asakusabashi ta Tokyo da garin Iwatsuki ba su taɓa musa wannan fahimta ba, ba sai an faɗi dalili ba. Kasuwar dai tana ƙanƙancewa, don haihuwa a Japan ta faɗo ƙasa da 700,000 a 2024, karo na farko, gidajen birni kuma sun matse, har iyaye da yawa sun koma sayen kwalkwali kaɗai a cikin ɗan akwatin gilashi.

Mafi yawan abin da ke kasuwa aikin inji ne. Na ƙwarai kuwa daga hannun katchushi yake fitowa, maƙeran sulke. Su ne kuma ke ƙera cikakken sulke irin na da, daidai jikin babban mutum, don wuraren bauta, gidajen tarihi, masu hawan biki da masu shirya fim. Rabon da a shiga fagen fama da irin wannan kaya a Japan ya kusa shekara 150. Abin da ya hana sana'ar bin yaƙi kabari shi ne al'ada ba ta daina nema wa sulken aikin yi ba.

Sulken da muka sani rigar zobba ce. Japanawa ma suna da ita, suna ce mata kusari, amma a wurinsu ciko ce: ƙananan zobba da ake ɗinkewa a jikin ƙyalle don rufe hannu, cinya da sauran gurabun da ƙarfe bai kai ba. Asalin sulkensu na ƙananan fallaye ne, kuma mafi daraja shi ne o-yoroi, wanda ya bayyana a zamanin Heian, tsakanin 794 da 1185. An yi shi ne don barde mai harbi daga kan doki. Hannuwansa biyu suna kan baka, babu halin riƙe garkuwa, sai aka rataya masa garkuwar a kafaɗu, manyan allunan fallaye guda biyu, da ya juya kafaɗa ya tare kibiya. Gangar jikin murabba'i ce, gefen dama daban ake fara ɗaura shi, gaban kuma an lulluɓe shi da fatar barewa mai santsi, mai zanen zakoki da furanni, don kada tsirkiya ta sarƙe a fallayen. Nauyinsa yakan kai kilo 25 zuwa 30, amma in mutum yana bisa doki sirdi ne ke ɗauke masa wani kaso.

Komai daga kozane yake farawa, ɗan falle mai tsawon yatsa, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. Ana yanka shi daga ƙarfe ko daga ɗanyar fatar shanu wadda ba a jeme ba. Fatar sai an jiƙa ta a ruwan gam, an dake ta da guduma har ta haɗe ta yi tauri, an kuma bar ta ta bushe ƙayau, don in da sauran ɗanyantaka za ta karkace bayan an gama aiki. Kowane falle a yi masa huji 13 a layi biyu, shida da bakwai. Sulke ɗaya yana cin fallaye sama da 2,000. Mai son sanin yawan bugun madoshi sai ya yi lissafin da kansa. Daga nan a jera su, kowanne ya hau rabin na kusa da shi yadda ko'ina zai zama ninki biyu, a ɗinke da siririyar igiyar fata har su zama dogon layi guda mai tauri. A wuraren da kibiya kan nema, irin su ƙirji da gefen hagu da maharbi ke juyawa ga abokin gaba, akan sa ɗaya na ƙarfe ɗaya na fata, bi da bi. Inda haɗarin bai kai haka ba a bar fata zalla don a rage nauyi. Wato sulken nan da ake yi wa kirari, kaso mai yawa na jikinsa aikin dukanci ne.

Ƙarfe na tsatsa, ɗanyar fata na ruɓewa, Japan kuwa ƙasa ce mai ruwa da laima. Maganin duka biyun shi ne urushi, danƙon wata bishiya da ake tsagawa daga watan Yuni zuwa Oktoba. Sai bishiyar ta yi shekara 10 zuwa 15 kafin a taɓa ta, abin da za ta bayar duka kimanin giram 200 ne, daga nan a sare ta. Yankin Joboji a lardin Iwate shi ke ba da mafi yawan na cikin gida, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi daga waje yake zuwa, galibi ƙasar Sin. Halinsa kuma a juye yake. Rana da iska ba sa busar da shi, danshi ne ke sa ya daskare, shi ya sa bayan kowace shafa akan sa aikin a wani kabad na katako da aka jiƙa cikinsa, a rufe. Ɗanyensa in ya taɓa jikin mutum yakan tayar da ƙuraje masu azabar ƙaiƙayi, kusan duk mai koyo sai ya sha wannan kafin jiki ya saba. A kan ƙarfe, shafar farko gasa ta ake yi da wuta don ta kama. Sannan a kwaɓa urushi da garin yumɓu a cike ramuka, a jira, a goge da dutse ko gawayi, a sake shafawa, a sake jira, a sake gogewa, har fuskar ta yi baƙi wuluk tana sheƙi. Gaggawa ba ta biya a nan. In shafar ta yi kauri, sama ta daskare ƙasa na ɗanye, sai ta yamutse, dole a kankare a koma farko.

Sai an gama wannan ake zuwa abin da ido ke fara gani, odoshi, igiyar alharini da ke rataye kowane layi a jikin na samansa. Igiyar mai faɗi ce, kitsa ta ake yi, kuma babban sulke yana iya cin fiye da mita 200. Da ita ake kiran sulken: mai jar igiya, mai baƙin shuni, mai launin da ya fara da haske a sama yana duhu yana sauka. Ja daga saiwar akane ake samu, shuɗi daga ganyen ai, shunayya daga saiwar murasaki. Mai ɗaurin zai bi huji ɗaya bayan ɗaya yana ja daidai wa daida. In ya tsananta sulken ya ƙage, in ya sassauta layukan su zube. Wannan ratayar ce ke sa layukan su shige cikin juna in mutum ya sunkuya, su koma in ya miƙe. Tana da aibunta, waɗanda tsofaffin masana sulke suka rubuta da kansu: igiyar na shan ruwa ta yi nauyi, ta ƙanƙare da sanyi, laka ta maƙale, ƙwarƙwata da tururuwa su sami gida.

A kwalkwali ne maƙeri ke nuna ko shi wane ne. Na gargajiya ba daga ƙarfe guda ake bugo shi ba. Dogayen fallaye ake yankawa, masu faɗi a ƙasa da tsini a sama, a lanƙwasa kowanne ta tsawo da ta faɗi, a haɗa shi da maƙwabcinsa da ƙusa, a dake gindin ƙusar ta ciki ya baje. Na zamanin Heian fallayensa kaɗan ne, goma ko kusa da haka, da manyan ƙusoshi masu tsini da ke tsaye a waje. Daga baya aka yi ta ƙara yawansu, 16, 32, har 62, wanda ya zama ma'aunin gwaninta. Akan tanƙwara bakin kowane falle ya ɗan tashi, ya ƙara wa kwanon ƙarfi. A kwalkwali mai falle 62 wanda aka bar kawunan ƙusoshinsa a waje, ƙusoshin kan haura 1,500, kowacce an ƙera ta an goge da magagari, girmansu yana raguwa daga ƙasa zuwa sama don layin ya tafi sak. Kuskuren da bai kai kaurin farce ba a falle guda, in ya maimaitu sau 62, kwanon ba zai haɗe ba. Wani maƙerin ba ya ma shafe shi da baƙin urushi. Da gangan zai sa ƙarfen ya yi tsatsa daidai gwargwado, ya goge, ya tsayar da ita, launin ya zauna ja-ja mai duhu, kowane sawun guduma a fili.

A tsakiyar kai akwai huji wanda da farko ta nan tukkun gashi ke fitowa, daga baya ya zama wurin ado da zobban tagulla masu ruwan zinariya. A baya da gefe a rataya layukan kare wuya, a goshi a kafa alamar da za a gane mutum daga nesa. Date Masamune na Sendai jinjirin wata ya kafa, dogo, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Honda Tadakatsu ƙahonin barewa ya sa. Irin waɗannan alamu sau da yawa da itace, fata ko takarda mai shafen urushi ake yin su, ga sauƙin ɗauka, in kuma an kai musu sara su karye su bar wuyan mai su lafiya. Marufin fuska kuwa bugo shi ake yi ta ciki da ta waje har kumatu da haɓa da tamoji su fito, a yi hanci daban mai cirewa, a dasa gashin baki, a shafe ciki da jan urushi, a huda ƙarƙashin haɓa don gumi ya tsiyaye.

Ƙarfen mutanen da daga baƙin yashi yake fitowa. A gina tanderun yumɓu, tatara, a yi kwana uku dare da rana ana zuga ana zuba yashi kimanin tan 10 da gawayi tan 12, sannan a fasa tanderun a jawo dunƙulen da ya kai wajen tan biyu da rabi. Har yau ana hura ɗaya da hunturu a Okuizumo, lardin Shimane, wanda aka farfaɗo da shi a 1977, amma maƙeran takobi ake yi wa. Maƙerin sulke na yanzu yawanci da farantin ƙarfe na masana'anta yake aiki, sai masu tsantseni da kan nemi tsohon ƙarfen ƙasar daga rusassun gidaje su sake buga shi.

A 1543 Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima da bindiga, kafin yaƙin Nagashino na 1575 kuwa ta cika ƙasa. Yaƙi ya koma na dubban dakaru da mashi da albarushi, babu mai lokacin jera falle 2,000. Aka koma manyan fallayen ƙarfe da ake haɗawa da ƙusa, igiya kaɗan, sauƙin wankewa. Wasu sun sayi na Turawa suka gyara shi daidai ɗabi'arsu. Akwai irinsa na Tokugawa Ieyasu a Nikko. Wani maƙerin kan harbi sulken da bindiga kafin ya miƙa wa mai shi, ya bar lotsawar harsashin a jiki, ita ce shaidarsa.

Bayan faɗuwar Osaka a 1615 da tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638, ƙasa ta zauna lafiya fiye da shekara 200. A wannan zaman lafiya ne kwaikwayon tsohon sulke ya samo asali, tun kafin a san fim ko gidan tarihi. Sarakunan da ba su taɓa ganin fagen fama ba suka shiga sha'awar kayan kakanni. Malam Arai Hakuseki ya rubuta littafi kan tsofaffin makamai. Tokugawa Yoshimune, wanda ya riƙe sarautar shogun daga 1716 zuwa 1745, ya sa aka riƙa kawo masa tsohon sulke daga wurin bauta yana dubawa. A 1800 Matsudaira Sadanobu ya fitar da Shuko Jisshu, kundin zane-zanen kayan da. Abin da ya sa aka sami abin dubawa kuwa wata al'ada ce: mayaƙin da ya ci nasara, ko yake roƙonta, yakan kai sulkensa wurin bauta ya bar shi hadaya. Shi ya sa mafi kyawun tsofaffin sulkuna suke Oyamazumi a tsibirin Omishima, da Kasuga Taisha a Nara, da Itsukushima, da Musashi Mitake a tsaunukan yammacin Tokyo, inda mai jar igiyar nan yake wanda ake dangantawa da Hatakeyama Shigetada. Kwaikwayon wannan zamanin zaman lafiya, wato zamanin Edo, dai bai cika dacewa da asali ba. Sukan haɗa ɓangarorin zamunna daban-daban a jiki ɗaya, su kuma cika ado, tun da mai saye kallo zai yi.

A gidan samurai sulke yana da matsayin babba. In sabuwar shekara ta zo a fito da shi, a zaunar da shi a kan akwatinsa a wuri mafi daraja a ɗaki, a ajiye masa curin shinkafa. Ranar 11 ga Janairu a fasa curin da guduma ko da hannu a raba wa mutanen gida. Ba a sa masa wuƙa, don yanka yana tuna farke ciki irin na samurai mai kashe kansa. Fasa curin nan, kagami biraki, ana yin sa har gobe a gidaje da makarantun judo da karate, ko babu sulke a gabansa. Yaro in ya tasa akan yi bikin sa masa sulke karo na farko, wani dattijo mai daraja ya ɗaura masa. Akwai kuma turare. Ana ba da labarin Kimura Shigenari, wanda ya turara kwalkwalinsa kafin ya fita yaƙin Osaka a 1615, don in an sare kansa a kai shi gaban abokin gaba yana ƙamshi. An kuwa sare.

Juyin 1868 ya rushe mulkin shogun, a 1876 aka hana yawo da takobi, samurai suka zama kamar kowa. Sulkuna suka cika kasuwa, da yawa suka tafi Turai da Amurka da araha. Maƙera suka nemi abin yi. Zuriyar Myochin, wadda sunanta ya fi na kowa fita a sana'ar, reshenta na Himeji ya koma ƙera sandunan ɗaukar garwashi. Da murhun gawayi ya ɓace daga gidaje a shekarun 1960, sai suka rataya sandunan suka zama ƙararrawar da iska ke kaɗawa, da ita aka san su yanzu.

Mai kwaikwayo na yau ya fi na Edo tsanani. In wurin bauta ko gidan tarihi ya ba shi aiki, da awo yake farawa. Zai ƙirga fallaye, ya auna kauri, ya duba hoton da irin na'urar ɗaukar ƙashi ta asibiti ta fitar don ya ga ina ƙarfe ina fata a ƙarƙashin shafen, ya leƙa cikin ƙulli inda rana ba ta taɓa igiyar ba don ya gano ainihin launinta. Sannan ya ɗauki shekaru yana yi. A da aikin na mutum da yawa ne, maƙeri daban, baduku daban, mai shafe, mai kitsa igiya, mai sassaƙa tagulla. Yau da masu yin suka ragu, sau da yawa mutum ɗaya ke koyon yawancinsu. A Yokohama akwai Nishioka Fumio, mai gyaran sulkunan tarihi da ƙera kwafinsu, matarsa Chizuru ce ke kitsa igiyar. A ganina kwafin ya fi na asalin amfani ta fuska ɗaya. Na asalin yana bayan gilashi, ya koɗe, ba ya gaya wa kowa yadda aka yi shi. Wanda ya zauna ya sake yi ne kaɗai ke sanin wane huji igiya ta fara bi, da dalilin da ya sa.

Ba kowa ke da kuɗin wannan ba, sana'ar kuma ta san haka, shi ya sa take hawa-hawa. Kamfanin Marutake a Satsumasendai, lardin Kagoshima, shi ke ba masu fim da talabijin mafi yawan sulkensu, da hannu ake haɗawa amma da kayan zamani masu sauƙi. Su ne suka ƙera kwalkwalin da ƙungiyar besbol ta Los Angeles Angels ta riƙa kifa wa Shohei Ohtani da abokan wasansa a 2023. Irin waɗannan sulkuna ne ke cika bukukuwa kamar na Shingen a Kofu, inda mutum 1,061 suka taru cikin kayan yaƙi a 2012 har aka sa su a kundin Guinness. Masu ƙananan sulkuna na Tokyo da takardar washi suke yanka fallayensu su jera ɗaya bayan ɗaya, na Kyoto kuwa ƙarfe da zinariya suka fi so. A ƙasan tsani akwai mutanen gari irin na Odawara, da ke zama su yanka kwali, su shafa fenti, su zura igiya, su fito da shi a jerin gwanon 3 ga Mayu. Wani zai raina, ni ban raina ba: mai sulken kwali ya san ɗaurin odoshi da yatsunsa, abin da mai kallon gilashi bai sani ba.

Inda sulke ke shan ƙura da gumi da gaske kuwa shi ne Soma Nomaoi, a gaɓar tekun lardin Fukushima. Mutanen wurin suna danganta shi da Taira no Masakado, wanda suka ce fiye da shekara 1,000 da suka wuce yakan saki dawakan daji ya sa mayaƙansa su kamo don atisaye. Zuriyar Soma ta riƙe bikin, gwamnati ta sa shi cikin al'adun da take karewa a 1978. Kwana uku ake yi. Mahaya wajen 400 kan fito daga wuraren bauta uku, Nakamura, Ota da Odaka, manoma ne da ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa da sulkensa da tutar gidansu a kafe a baya, dawakin kuma da yawa tsofaffin 'yan tsere ne da suka yi ritaya. Ana busa babbar katantanwar teku. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe ya ga 'yan sulke da 'yan lifida suna wucewa ba zai nemi tafinta a nan ba. 'Yan kallo ma da dokarsu: ba a ratsa jerin gwano, ba a leƙo shi daga bene, wanda ya yi kuwa mahayi zai daka masa tsawa a bainar jama'a.

Rana ta biyu ake sukuwa, a filin Hibarigahara na Minamisoma. Mahaya su cire kwalkwali, su ɗaura farin ƙyalle a ka, su zagaya mita 1,000 da sulke a jiki, tutocin bayansu na kaɗawa da ƙara. Bayan nan a harba tutocin wurin bauta sama da abin wasan wuta, ɗaruruwan dawaki su rufa a ƙarƙashi, kowa na miƙa bulala ya cafke tun ba ta sauka ba. Wanda ya samu ya haura tudu a guje ya kai. Rana ta uku a Odaka, mutane cikin fararen kaya su kama doki da hannu, ba igiya ba linzami, su miƙa shi ga wurin bautar.

A irin wannan turmutsitsi igiya na tsinkewa, shafe na ɓarewa, ƙusa na fita. Wasu sulkunan na gado ne tun zamanin Edo, wasu sababbi, wasu haɗin gambiza, kwalkwalin kaka da hannun riga na bara. Shi ya sa yankin bai rabu da mai gyara ba. Girgizar ƙasa da ambaliyar tsunami ta Maris 2011, da haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi da ya biyo baya, sun ci rayuka da dawaki, ruwa ya tafi da sulkuna, Odaka ta faɗa cikin yankin da aka kwashe mutanensa. Duk da haka an yi bikin a shekarar, a taƙaice, da mahaya kaɗan. Zafi ne ya zo ya sauya masa lokaci: bayan dawaki da yawa sun galabaita a na 2023, wasu ma suka mutu, daga 2024 an ɗauke shi daga ƙarshen Yuli an mayar ƙarshen Mayu. Da yake kuma mahaya na raguwa, a 2025 an cire sharaɗin da ya ce mace ba ta hawa sai marar aure 'yar ƙasa da shekara 20.